Ambulan Mai Shuɗin Hatimi

Tun da Allura take a gidan nan ba ta taɓa ganin Baba ya bar shayinsa ya huce ba sai ranar. Kofin na gefensa ko kurɓa bai yi ba, idonsa na kan wata 'yar ambulan da ke bisa tebur, irin ƙananan nan da masu kemis ke zuba wa mutum magani a ciki.

Allura ba sunanta na yanka ba ne. Siririya ce, ga ta tela, shi ya sa sunan ya bi ta har ya danne na gaskiyar. Sati biyar cif ya rage a ɗaura mata aure da Mai Kemis, saurayin da shagonsa ke bakin titi. Kuma sai da ta yi shekara guda tana kuka da addu'a kafin Baba ya ce ya amince.

Ba don komai Baba ya ƙi shi ba sai don sana'arsa. Baba tsohon malamin makaranta ne, yanzu kuma shi ne shugaban ƙungiyar iyayen yara a sakandaren da Auta, ƙanwar Allura, take ajin ƙarshe. Shekara biyu ke nan yana yawo makaranta makaranta yana yi wa iyaye huɗuba kan shaye-shaye. In ya fara zancen, ko kiran waya ba ya ɗauka. Kullum kuma a wuri ɗaya yake dirawa: masu kemis su ne suka kashe mana 'ya'ya.

Baba ya zazzage ambulan ɗin. Ƙwayoyi tara, jajaye, suka gangaro kan tebur.

"Maimaita abin da kika faɗa a gaban yayarki," in ji shi.

Auta na durƙushe a tsakar falon, ta haɗa kai da gwiwa. Jiya barci ya kwashe ta ana tsakiyar jarrabawa, aka yi ta jijjiga ba ta tashi ba, har sai da malamarsu ta kira gida. Yau da safe Mama na wankin kayan makarantarta ta ci karo da ambulan ɗin a aljihu.

"Shi ya ba ni," Auta ta faɗa cikin shessheƙa. "Ya ce maganin karatu ne, yana buɗe ƙwaƙwalwa. Wallahi Baba ban san ƙwaya ba ce."

"Shi wa?"

"Saurayin Yaya."

Allura ta matso. Ta leƙa teburin da kyau. Ga sunan shagonsa nan ɓaro-ɓaro a jikin takardar, babu mai musu. Amma abin da ya tsayar mata da numfashi launin hatimin ne. Shuɗi ne.

Ta san Mai Kemis ya daina amfani da shuɗin hatimi tun bara, lokacin da ya canza lambar wayar shago ya koma kore. Ragowar tsofaffin ambulan ɗin, ɗauri guda, ita ya kawo wa. Har yana tsokanarta ranar, wai ga maganin ɓatan maɓalli, ta riƙa sha sau uku a rana. A cikinsu take ware maɓallai da ƙugiyoyi na kowace mai ɗinki.

Ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya ɗaga mata hannu.

"Kar ki soma. Na faɗa miki tun farko, kika nuna min ke ido ya rufe. A aika masa ya same ni bayan la'asar."

Gudu-gudu ta shige ɗakinsu, ta jawo aljihun keken ɗinkinta. Ɗaurin na nan da robarsa, sai dai ya rame. Ambulan kusan hamsin ya kawo mata, ita ba ta yi amfani da fiye da goma ba. Yanzu bakwai suka rage.

Tana tsaye da su a hannu Auta ta shigo. Suna haɗa ido yarinyar ta zube a ƙasa ta rungume ƙafafunta.

"Yaya ki rufa min asiri."

"Tun yaushe?"

"Tun zangon ƙarshe na bara."

"Wa yake ba ki?"

"Wata 'yar ajinmu ce take kawowa. Da farko kyauta ta ba ni, lokacin da na faɗi lissafi nake ta kuka. Yaya, rabin 'yan layinmu a aji suna sha."

"To me ya kai ki aljihun kekena?"

Auta ta goge hanci da bayan hannu. "Duk Litinin ana caje jakunkuna a bakin get. In suka ga ƙwaya a leda ko a takarda sai su kama mutum. Amma in tana cikin ambulan mai hatimin kemis, sai su ce maganin ciwon kai ne, su miƙo maka abinka. Har ƙawayena na ba wa."

Allura ta zauna bakin gado. Wato tsarin cajen da Baba ya yi wata uku yana faɗa kafin makaranta ta yarda da shi, da kayan gidansa ake tsallake shi.

"Kin san abin da kika yi? Mutumin da ya biya miki kuɗin littafi, yake kiranki ƙanwata, shi kika ɗauka kika jefa a wuta?"

"Tsoro na ji, Yaya. Baba ya ce wa ya ba ki, ga sunan shagon a jiki, sai bakina ya faɗa."

"To tashi mu je, bakin naki ya gyara."

"Babu inda za ta."

Mama ce tsaye a bakin ƙofa, hannunta da kumfar wanki. Ta turo ƙofar ta sa sakata. Daga ganin idonta Allura ta gane ta ji komai, ta kuma gane wani abin da ya fi wannan ciwo: Mama ba ta yi mamaki ba.

"Mama, kin sani?"

"Uwa ce ni. Yarinyar da ke cinye kwano biyu ta koma cokali uku, hannunta na rawa in ta ɗauki kofi, ki ce ban gani ba? Ina gani. Addu'a nake, ina cewa gobe za ta daina."

"To ki bari in faɗa wa Baba gaskiya."

Mama ta zauna kusa da ita ta kama hannayenta biyu. Rabon da Mama ta riƙe mata hannu haka tun tana firamare.

"Saurara. Yanzu a wurin babanku yarinyar nan yaudararta aka yi, zai yi faɗa ya haƙura. In ya ji shekara guda take sha, da kuɗin motarta take saya, har tana raba wa 'ya'yan mutane abin ɓoyewa, kin san shi. Zai cire ta daga makaranta ana saura takarda huɗu ta gama. Zai iya yi mata baki. Ga hawan jininsa. Mutumin da ya tsaya gaban iyaye ɗari uku ya ce duk uban da ɗansa ke shan ƙwaya bai sani ba, sakaran uba ne. Kina so ki kashe shi?"

"Shi kuma wancan fa, Mama? Shi ba ɗan wasu ba ne?"

"Namiji ne, zai tashi. Ƙanwarki in sunanta ya fita, wa zai kalle ta?"

"Ni fa?"

Hawaye na bin kumatun Mama. Ta ce, "Ke ce babba. Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau na roƙe ki."

Allura ta fashe da kuka. Da Mama tsawa ta yi mata, da ta samu bakin musu. Roƙon ne ya ɗaure ta tamau.

Kafin azahar labari ya kai wa Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ba a taɓa gayyatarta wuri ba kuma ba a taɓa rasa ta ba. Ta shigo tana tafa hannu tun daga zaure, ta zauna a falo ta baje mayafi.

"Ni dai na faɗa, Yaya. Yaron nan idonsa ma bai yi min ba. Ga Manaja nan, ɗan amininka, shekara biyu yana bin yarinyar nan kamar jela, ta ce wai shi ba ya dariya. Dariya za ki ci? Mutum da gidan mai a hannunsa, ko taba bai taɓa riƙewa ba. Ko jiya sai da ya tambaye ni ita."

Baba bai kore zancen ba kamar yadda ya saba, kuma Allura, da ke jin su daga ɗaki, ta san ma'anar hakan.

Bayan la'asar Mai Kemis ya yi sallama. Ya zo da farar rigarsa ta shago, biro a aljihu, fuskarsa a sake, don shi a zatonsa zancen ranar biki za a yi. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida Baba. Ba a amsa ba.

Aka kira Allura da Mama. Suka zauna a ƙasa gefe guda, kafaɗa na gugar kafaɗa.

Baba ya tura masa ambulan ɗin da ɗan yatsa. "Ta ina wannan?"

Ya ɗauka ya duba. "Ta shagona ce, Baba."

"Buɗe."

Yana ganin ƙwayoyin fuskarsa ta canza. "Inna lillahi. Baba, a ina aka samo wannan? Wannan ai ko a asibiti sai da sa hannun likita."

"A aljihun 'yata. Ta ce kai ka ba ta."

Ya ɗago a firgice. "Ni? Auta ce ta ce ni? Baba, wallahi tallahi, tun da na buɗe shago irin wannan ba ta taɓa kwana a kantata ba. A zo a bincika yanzu, ga makulli."

"Ka kwashe dai kafin ka zo."

"Baba ban san ma dalilin kiran ba."

Ya sake juya ambulan ɗin, sai ya tsaya cak. Allura ta ga lokacin da idonsa ya sauka kan shuɗin hatimin. Ta ga yadda kafaɗunsa suka sauko, ya saki ajiyar zuciya irin ta wanda ya hango ɗan'uwansa a cikin taron baƙi. Har ɗan murmushi ya yi mata.

"Alhamdu lillahi. Baba, wannan tsohon hatimi ne, na daina aiki da shi tun bara. Allura, ke kin san inda masu shuɗin suke. Yi wa Baba bayani."

Baba ya juyo. "Me yake nufi?"

A ƙarƙashin mayafi, hannun Mama ya lalubo ƙafar Allura ya matse. Hannun sanyi ƙalau. Daga ɗaki kuma ana jiyo shessheƙar Auta ƙasa-ƙasa.

"Da ke nake magana," in ji Baba. "Kin san wani abu game da takardar nan?"

Allura ta kalli tabarmar da take kai. Ta ji muryarta ta fito kamar ta wata.

"Ban san komai ba, Baba."

Ba ta ɗago ba, amma ta ji shirun da Mai Kemis ya yi. Da ma ashariya ya ɗura mata, da ya fi mata sauƙi.

Baba ya miƙe. "Ka ji. Gobe za a mayar muku da kayanku. Kada in ƙara ganin ƙafarka a layin nan. Maganar shagonka kuma, hukuma ce za ta yi ta da kai."

Mai Kemis ya tashi a hankali, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ya fita.

Allura ba ta san lokacin da ta bi bayansa ba. A zaure ta cim masa yana ɗaura takalmi, igiyar na kuɓuce masa.

"Don Allah ka tsaya."

"In tsaya in ji me? Na ji ai."

"Ka yafe min. Mama ce ta roƙe ni. In Baba ya san gaskiya zai tsine wa Auta, zai cire ta daga makaranta. Ban da yadda zan yi."

Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Shekara shida ina gina shagon nan, Allura. Yara nawa na kora da suka zo neman maganin tari ba sa tari? Har gilashi aka fasa min a kan haka, kin sani, ke kika ɗinka min labulen da na rufe wurin. Yau da bakinki."

"Ka tsane ni, na yarda. Ni ma na tsani kaina."

"Da zan iya ai da na huta." Ya goge fuska da hannun rigarsa. "Bar tawa. Nawa take sha a rana?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ki tambaya ba. Wannan abin ba a daina shi don an sha faɗa. Jikinta ya saba. In ta rasa za ta nema ko ta halin ƙaƙa, in ta ƙara yawa wata rana barcin da za ta yi ba mai tashi ba ne. Akwai asibitin da ke karɓar irinsu a asirce, na san likitar, da kaina zan iya kai ta. Amma ba a kai yarinya sai da sanin ubanta."

"Ba zan iya ba."

"To ki sani, ke tela ce. Abin da kuke ɗinka mata ke da Mama ba sutura ba ce, likkafani ne."

Ya fice. Ta durƙushe a zauren tana kuka har sai da Gwaggo ta zo ta ja ta ciki, tana cewa ta yi wa mutane shiru, Allah ne ya tsamo ta.

Kwana uku gidan ya yi kamar an yi sulhu da duniya. An mayar da akwatunan lefe. Shagon bakin titi a rufe, an ce matasan unguwa sun yi masa ihu ya kulle ya tafi. Baba ya dawo shan shayinsa da zafi, har yana shafa kan Auta yana cewa, "An toshe ƙofar, Allah ya kiyaye gaba." Gwaggo kuma ta kawo saƙo cewa mutanen Manaja na tafe ranar Asabar.

Allura ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ba wanda ya tambaye ta ma. Tana zama gaban keke tun safe, ta ɗinka ta farke, ta ɗinka ta farke.

Ranar Juma'a da hantsi Auta ba ta da jarrabawa, tana kwance ta juya wa ɗakin baya. Allura ta ɗauko siket ɗinta na makaranta don ta goge mata. Tana shimfiɗa shi ta ga kalmasar ƙasan ba tata ba ce. Wani ɗinkin hannu ne karkatacce, da baƙin zare a kan shuɗin yadi, irin na wanda bai iya riƙe allura ba. Ta shafa wurin, ta ji ƙululu a jere.

Ta sa reza ta farke. Ɗaya bayan ɗaya jajayen ƙwayoyi suka faɗo tafin hannunta. Goma sha huɗu.

"Auta," ta kira. "Auta!"

Yarinyar ta yi wani gurnani, ba ta buɗe ido ba. Yawu ya jiƙa matashin.

Daidai nan muryar Baba ta taso daga falo. "Allura! Zo ki karanta min takardar nan in ji ko na yi kuskure, idon nan ya fara gardama."

Ta fito da hannu a dunƙule. Mama na bakin kicin, ta kalli hannun, ta kalli fuskarta, ta shiga girgiza kai tana haɗa tafukanta biyu alamar roƙo. Allura ta wuce ta.

Baba na zaune da tabarau a karan hanci, ga takarda shafi biyu da kyakkyawan rubutunsa na malamai. Ƙorafi ne zuwa ga hukuma, a ƙwace lasisin Mai Kemis, a gurfanar da shi. Iyaye ashirin da uku sun riga sun sa hannu.

"Karɓi mana. Me kika dunƙule haka?"

Ta buɗe hannun a kan takardar. Ƙwayoyin suka warwatsu bisa rubutun, biyu suka gangara ƙasa.

Baba ya daɗe yana kallonsu. "Ya dawo? Ta ina yake aiko mata?"

"Baba, shagonsa kwana uku a rufe." Ba ta tsaya nan ba. "Bai taɓa ba ta ba. Ambulan ɗin tawa ce, shi ya ba ni in zuba maɓallai, a aljihun kekena ta ɗiba. A makaranta take saya, shekara guda ke nan. Ƙarya na yi maka ranar nan. Yanzu haka tana ɗaki, na tashe ta ta kasa tashi."

Ta runtse ido tana jiran tsawa, ko mari, ko bakin da Mama ke tsoro. Ba ko ɗaya da ya zo.

Baba ya cire tabarau ya ajiye. Ya dubi Mama da ke rakuɓe a bakin ƙofa tana kuka.

"Ke ma kin sani?"

Mama ta sunkuyar da kai.

Ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna. Mutumin da ya shekara biyu yana koya wa iyayen gari yadda ake tsare 'ya'ya ya ɗago ya kalli Allura, ya yi magana da wata ƙaramar murya da ba ta taɓa jin sa da ita ba.

"To yanzu ina ake kai su?"

Mutum ɗaya ta sani a duniya da ya san amsar. Ta zaro wayarta, ta danna lambar da ta haddace tun kafin ta haddace tata. Su uku suka zuba wa wayar ido.

Muryar mace ta amsa, a natse, ta ce lambar da ake kira a kashe take.

Allura ta sake dannawa.